FASHIN BAƘI: Yadda ƙafar direba ke cinye kulocin mota a danja da cunkoso

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sannan aka saki Naira a watan Yuni ta nemo darajarta a kasuwa, hankalin masu mota ya fi karkata ga farashin lita. Sai dai akwai wata asarar da ba a cika lissafa ta ba. Galibin kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, don haka duk faɗuwar da Naira ta yi sai ta bayyana a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Ga direban Golf ko Sharon da ke biyan balas kullum, lalacewar kuloci na nufin kuɗin kaya, kuɗin makanike, da yinin da mota ba ta fita ba. Sau da yawa kuma ƙafarsa ta hagu ce sanadi.

Yadda kuloci ke aiki

Kuloci shi ne mahaɗar inji da giyabos. A tsakiyarsa akwai faifai mai ɗauke da fata irin ta birki, wanda wani murfi mai ƙarfin sifirin ke matsewa a jikin babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa. Idan direba ya ɗage ƙafa gaba ɗaya, ukun suna juyawa tare kamar abu guda, babu gugar da za ta ci fatar. Idan ya taka, wani ƙaramin boris ne ke tura sifirin ɗin, matsin ya saki, inji ya rabu da tayoyi. Fatar tana cinyewa ne a tsakanin waɗannan matakai biyu, wato lokacin da faifan ke zamewa bai gama kamawa ba.

Tsayuwa a giya da kuloci a take

Direbobi da dama kan tsaya a danja mota na giya ɗaya, ƙafa na danne da kuloci, don su riga kowa tashi. Idan an danne shi har ƙasa, fatar ba ta wani ci sosai. Wanda ke shan wahala shi ne boris ɗin, domin an yi shi ne don ɗaukar nauyi na 'yan daƙiƙoƙin sauya giya, ba na mintunan cunkoson Mararaba zuwa Nyanya ba. Shi kansa ba ya cikin kaya mafi tsada, amma ba a kai wa gare shi sai an sauke giyabos, shi ya sa makanikai kan ba da shawarar a sauya kayan kulocin duka a lokaci guda.

Akwai kuma haɗari. Ƙafar da ta gaji tana iya sulluɓewa, mota ta zabura ta bugi ta gaba, ko mai talla, ko yaron da ke tsallaka titi.

Riƙe mota da rabin kuloci

Wannan ita ce ɗabi'a mafi ɓarna. A hawan gadar sama ko gangare, wasu kan ɗago kuloci rabi su ƙara ɗan totur don hana mota komawa baya. A wannan hali inji na juyawa, tayoyi na tsaye, kuma duk ƙarfin da ke tsakani yana komawa zafi ne a kan fatar. Warin ƙuna da ake ji a irin wannan wuri daga nan yake fitowa. Zafin na iya ƙona fatar ta yi santsi, har ya taɓa babban faifan ƙarfen. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya ma yana yin irin wannan ɓarnar, sai dai a hankali.

Abin da ya fi dacewa

Idan tsayuwar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, babu laifi a bar mota a giya da kuloci a take har ƙasa. Idan za ta wuce haka, a mayar da giya firi, a ɗauke ƙafa, a riƙe mota da birki. A kan tudu, hambirki ne ya kamata ya riƙe ta, a sake shi daidai lokacin da kuloci ya fara kamawa. Wannan bai shafi motar da ke tafiya ba: sakin mota a firi a gangare don tsimin mai yana raba direba da taimakon da inji ke yi wajen rage gudu, ya bar nauyin duka a kan birki.

Alamomin da ke nuna an kusa

Idan inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, musamman a babbar giya ko da lodi, faifan ya fara zamewa. Ƙarar da ke tashi sa'ad da aka taka kuloci, ta ɗauke idan an saki, galibi ta boris ce. Giyar da ke gardamar shiga kuwa tana iya nuna kuloci ba ya saki yadda ya kamata. Wanda ya kai mota gareji a wannan mataki yakan tsira da sauyin faifai, murfi da boris. Wanda ya jira sai ta ƙi motsi a tsakiyar hanya da fasinjoji a ciki, zai ƙara da kuɗin janwe.