Masu Jiran Aiki a Gindin Jirgin Ruwa

A shekarar 1912 George Bellows, haifaffen Columbus ta jihar Ohio da ya yi ƙaura zuwa New York ya koyi zane a hannun Robert Henri, ya zana tashar jiragen ruwa ta Brooklyn cikin tsananin hunturu. Ya sa wa zanen suna Men of the Docks, wato mazajen tasha. Malaminsa kan hori ɗalibansa da su zana birnin kamar yadda yake, da dauɗarsa da hayaƙinsa, kuma Bellows ya ji wannan horo.

Abin da ke fara kama ido shi ne katafaren jirgi mai tafiya da tururi, ya tokare gefe guda kamar katanga. Can baya ga ƙaramin jirgin da ke jan manya, ga ƙanƙara tana yawo bisa ruwa, ga dogayen benayen Manhattan a dushe cikin hazo. Bellows ya shafa fenti da kauri, da gaggawa, har mai kallo ya ji sanyin wurin.

Amma a ganina ba jirgin ne zuciyar zanen ba. A sauko da ido ƙasa. Ga maza cikin manyan riguna masu datti, kafaɗu a ɗage, kusa da dawakan jan kaya. Ba aiki suke yi ba, jiran aiki suke. A wancan zamani ɗan dakon tasha ba shi da tabbacin gobe: yakan fito da sassafe ya tsaya, shugaban leburori ya zaɓi wanda ya ga dama, sauran su koma gida hannu rabbana. Da yawansu baƙi ne da suka yi ƙaura daga Turai. Duk wanda ya ga leburorin gini tsaye a bakin titi a Kano da shebur da kwano zai gane wannan tsayuwa. Fuskokinsu ma bai fayyace su ba, da 'yan shafe-shafe ya yi su, amma damuwar tana bayyane a yadda kowa ya tsaya.

Zanen ya daɗe da barin New York. Wata kwalejin mata a Lynchburg ta jihar Virginia, Randolph-Macon, ta saye shi a 1920 kan dala 2,500. A 2014 kwalejin ta sayar wa National Gallery ta Landan kan dala miliyan 25.5 don ta ƙarfafa asusunta, abin da ya jawo mata suka mai zafi daga shugabannin gidajen adana zane na Amurka.