Wane ne wannan a cikin hoton?

Kusan kowane gida a Wurno, Rabah da Goronyo yana da irinsa: tsohon hoto baƙi da fari, gefensa ya soma cinyewa, yana kwance a ƙasan adakar kaka tare da fasfon aikin hajji da takardun gona. Dattijo ne zaune bisa kujera da rawani, ko matashi tsaye ya dafa keke. Idan muka tambayi iyayenmu, sai su ce "wani ne daga cikin kakanni". Daga nan magana ta ƙare. Wanda ya san sunansa ya riga mu gidan gaskiya, ko kuwa yana nan cikin ɗaki, mu ne ba mu zauna da shi ba.

Abin mamaki shi ne wannan yanki ba baƙon riƙe asali ba ne. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a nan kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1837. A Wurno ɗin ne Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ɗalibin tarihi a Rabah kuwa zai jero maka salsalar Sardauna ba tare da ya numfasa ba: Ahmadu ɗan Ibrahim Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. Gidajen sarauta da na malamai sun rubuta nasu, maroƙa da mawaƙan fada sun haddace musu sauran. To, manomin albasa fa? Masunci a gulbin Rima fa? Nasu asalin a bakin tsofaffi yake, kuma baki ba ya daɗewa kamar takarda.

A Amurka akwai mutanen da suka mai da wannan abu aikin rayuwa. Jikokin Turawan Ingila da suka yi ƙaura can, musamman na mutum 102 da jirgin ruwan Mayflower ya kai a 1620, sun kafa ƙungiyarsu tun 1897, kuma ba a karɓar mutum sai ya kawo shaidar kowane uba da uwa a jere. Abin da ya taimake su shi ne tun 1538 aka umarci coci-cocin Ingila su riƙa rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma, aka ɗaura wa aure ko aka binne. Amma ko su ba su da hoton ko mutum ɗaya daga cikin fasinjojin nan, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto.

Wannan shekara ta 1839 ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe ta. Shehu Usmanu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello a 1837. Saboda haka duk hoton da ake turo mana a Facebook ko WhatsApp ana cewa na Shehu ne ko na Bello, ƙarya ce, ko da kuwa mutum dubu sun rubuta "Allah ya jiƙansa" a ƙarƙashinsa. Fuskar wani bawan Allah ce aka ɗora wa suna. Haka zai faru da hoton kakanmu ranar da babu sauran mai shaida shi: wani zai ba shi sunan da ya ga dama.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Gara tana ci, danshin damina yana manne hotuna da juna. Ambaliyar 2010 ta rusa gidaje masu yawa a Goronyo da garuruwan da ke bakin Rima, kuma wanda ruwa ya koro ba ya tsayawa neman adaka. Yanzu ga 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a gabashin Sakkwato, dangi sun warwatsu. Idan rigimar gado ko ta iyakar gona ta taso nan gaba, tambayar farko ita ce wa ya haifi wa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba, hutun makaranta ɗaya ya isa. Mu ɗauki hoton mu kai wa wanda ya fi kowa tsufa a gidan, kuma mu fara da mata. Gwaggo da Inna su suka san wa ya auri wa, wa aka yi riƙonsa, wa ya tafi Makka ta ƙasa bai dawo ba. Mu nemi izini mu naɗi muryarsu a waya. Mu duba bayan hoton, wani lokaci akwai hatimin mai hoto da sunan gari. Tsagar fuska ma shaida ce. Tsoho yana kallo zai ce maka wannan Bagobiri ne. Sai mu rubuta cikakken suna da laƙabi da sunan uwa, da fensir ba biro ba, domin tawada tana ratsa takarda. Kada a kai shi a liƙe shi da leda mai zafi, in ya manne ba ya ɓanɓaruwa. A ɗauke shi da waya a inuwa, a tura wa 'yan uwa biyu ko uku.

Akwai gidajen da ba su yarda da ajiye hoto ba saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba hurumin yaro ba ne ya yi jayayya da mahaifinsa a kan wannan. Amma rubuta nasaba babu mai ƙin sa, da ita ake sada zumunci. Littafin rubutu ɗaya ya wadatar. Wanda kuma ya ci karo da takarda ta Larabci ko ajami da ta gagare shi, ya kai wa malamin unguwa, ko ya leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda ake adana irin waɗannan rubuce-rubuce.