Tsohon bashin asibiti: shekara nawa kotu ke bai wa mai bin ka ya karɓi kuɗinsa?

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a zangonanmu na kudu, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan, wai bashi in ya shekara shida ya mutu, babu mai iya tayar da shi. Maganar tana da tushe, amma rabinta aka ɗauko. Wanda ya dogara da rabin nan zai iya wayar gari ya tarar an rufe masa asusun banki a kan kuɗin tiyatar da aka yi wa matarsa shekaru da yawa baya. Bari mu bi ta daki-daki, mu ɗauki dokar Jihar Legas a matsayin misali, tunda nan mutanenmu suka fi yawa.

Wa'adin nan iri biyu ne. Na farko yana aiki ne kafin a kai ka ƙara, na biyu kuma bayan alƙali ya yanke hukunci. Mutane na haɗa su wuri guda, nan ne ake samun ruɗani.

Wa'adin farko: kafin a je kotu

Kuɗin asibiti a idon doka bashi ne na yarjejeniya, kamar dai wanda ya ɗauki sa a kara bai cika kuɗi ba. Dokar iyakance lokacin shigar da ƙara ta Jihar Legas ta bai wa mai bin irin wannan bashi shekara 6 daga ranar da ya kamata a biya shi. In shekara 6 ta wuce bai shigar da ƙara ba, ya rasa damar neman kuɗinsa ta kotu. Kowace jiha da tata dokar fa: a Jihar Ribas shekara 5 ce. Don haka ɗan Fatakwal kada ya yi lissafi da adadin Legas.

A ce an sallami maras lafiya a watan Maris 2015 a Legas, saura naira 400,000 ba a biya ba. Asibitin na da damar kai ƙara har zuwa Maris 2021.

Amma abu biyu na mayar da lissafin farko. Ɗaya, in ka biya wani abu daga cikin bashin, ko yaya ƙanƙantarsa. Biyu, in ka amsa bashin a rubuce ka sa hannu. A misalinmu, in mutumin ya kai naira 20,000 a watan Yuni 2019, shekara 6 ɗin za ta fara sabuwa daga ranar, wato sai Yuni 2025. Shi ya sa za ka ga mai bin tsohon bashi yana lallaɓa ka da "kawo ko dubu biyar ce, mu san kana tare da mu".

Sannan kotu ba ta san tarihin bashinka ba. Kai ko lauyanka ne za ku tashi ku ce lokaci ya wuce, ku nuna kwanan wata. In aka kawo maka sammaci ka jefa shi ƙarƙashin katifa kana cewa ai tsohon bashi ne, za a iya yanke hukunci a bayan idonka. Daga nan ka shiga wa'adi na biyu, wanda ya fi tsawo.

Wa'adi na biyu: bayan hukunci

Da zarar alƙali ya ce ka biya, bashin ya tashi daga takardar asibiti ya koma hukuncin kotu. Yadda ake karɓar kuɗin hukunci yana ƙarƙashin dokar tarayya da lauyoyi ke kira Sheriffs and Civil Process Act da ƙa'idojin da ke tare da ita. Ga adadin da ya kamata ka riƙe:

Shekara 6 daga ranar hukunci: a cikinsu mai bin ka zai iya karɓo takardar kama dukiyarka ba tare da neman wani izini na musamman ba.

Shekara 2 daga ranar hukunci: wannan na matakin da ya shafi jikinka ne, ba kayanka ba.

Bayan waɗannan shekarun hukuncin bai mutu ba. Abin da ya canja kawai shi ne dole ya koma gaban alƙali ya nemi izini kafin ya taɓa komai, kuma kotu za ta so jin dalilin da ya sa ya yi shiru tsawon lokacin. Wani abin lura a nan: ƙa'idar ba ta wajabta a sanar da kai kafin ya nemi izinin ba.

Shekara 12: dokar Legas ta hana shigar da sabuwar ƙara a kan hukunci bayan shekara 12 daga ranar da ya fara aiki. Kuɗin ruwan da ya taru a kan hukuncin kuwa, ba a bin wanda ya wuce shekara 6.

Mu koma misalinmu. In asibitin ya yi ƙara ya ci a 2020, yana iya kama kaya kai tsaye har 2026, bayan nan sai da izinin kotu, kuma shekara 12 ɗin sai 2032. Ka ga bashin 2015 ya kai shekara 17 yana bin mutum.

Ta ina suke karɓa?

Hanya mafi sauri yanzu ita ce ta banki, wadda lauyoyi ke kira ganishi. Kotu za ta fara ba da umarnin wucin gadi a riƙe kuɗin da ke asusunka, a kira bankin ya zo ya faɗi ko akwai dalilin da zai hana a biya mai bin ka. Doka ta ce a kai muku takardar, kai da bankin, aƙalla kwana 14 kafin ranar zama. In babu wanda ya kawo hujja, umarnin ya zama na ƙarshe, kuɗi sun tafi. Wannan ya shafi dillalanmu sosai, domin sau da yawa kuɗin da ke asusun dillali na masu dabbobi ne da ke arewa. In haka ta faru, a cikin kwanakin nan ne ake gaya wa kotu, da hujja a hannu.

Hanya ta biyu ita ce ma'aikatan kotu su zo su kwashe kaya a yi gwanjonsu: mota, babur, janareta, kayan shago, har dabbobi. Doka ta keɓe tufafi da shimfiɗar kwanciya. In an haɗa da kayan wani, mai kayan na da damar shigar da ƙorafi kotu ta tantance na waye kafin a sayar. A nan ne rasit da littafin shugabannin kasuwa ke ceton mutum. Gida ko fili kuwa ba a taɓa su sai kayan hannu sun kasa biya, kuma sai da izinin babbar kotu.

Komawa gida ma ba mafita ba ce. Ana iya ɗaukar takardar shaidar hukuncin Legas a yi mata rajista a kotun Kano ko Sakkwato, a zartar da shi a can.

Abin da ba su da ikon yi

Bashi ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Don haka ba a tsare ƙaninka saboda kuɗin asibitinka. Amma in kai ne ka sa hannu a takarda ka tsaya wa maras lafiya, to bashin na iya hawa kanka, ko da shi ya rasu. A karanta kafin a sa hannu, ko a nemi wanda zai karanta.

Me za ka yi in takarda ta iso?

Ka duba lambar ƙara da sunan kotu, ka je rajistar kotun ka tabbatar akwai hukuncin, ka karɓi kwafinsa. Ka lissafa shekaru daga ranar hukunci. In ba a taɓa kawo maka sammaci ba tun farko, lauya na iya neman a soke hukuncin, kuma gaggawa na da amfani a nan. In bashin gaskiya ne, kana iya roƙon kotu ta yanka maka biya kaɗan-kaɗan daidai ƙarfinka. Kada ka biya komai ko ka sa hannu a kan sabuwar takarda sai ka ji ta bakin lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, ko ofishin lauyoyin kare talakawa na gwamnatin Legas, ko cibiyar sasanta jama'a ta jihar, inda ake zama a daidaita ba tare da shari'a ba.

Abu na ƙarshe, wa'adin doka yana rufe ƙofar kotu ne kawai, bai goge bashin ba. Mu Musulmi mun san ana fitar da bashi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado, kuma shekaru ba sa sauke shi. Sanin wa'adin nan amfaninsa shi ne kada a tsorata ka da ƙarya, kada a ɗora maka abin da ba ka ci ba, kuma ka zauna sasanci kana sane da matsayinka. Wanda Allah ya hore wa, ya je ya biya ko ya nemi yafiya, ya karɓi takardar da ke nuna an gama, ya adana ta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raba mu da nauyin bashi.