DAGA LAMBUN INABI ZUWA TEBURIN GIRKAWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Duk wanda ya tashi a Yerwa ya san cewa a da abin kunya ne a ga magidanci zaune a gidan sayar da abinci. Da an hange shi sai a fara raɗe-raɗi, a ce ko dai uwargida ta yi yaji, ko kuwa ya kasa ba da cefane ya zo yana ci shi kaɗai a ɓoye. Ku da ke Kurmi kun daɗe da wuce wannan magana, don kuwa mutumin da ya bar iyalinsa a Gwange ko Bulabulin ya tafi Agege neman na kansa, ai ba shi da uwar ɗaki sai mai tuwon bakin tasha. To, mu ma nan gida abin ya sake. A cikin mako guda na ranin da ya wuce na ci abinci a waje sau biyu, ɗaya a ƙarƙashin rumfar inabi a bayan gari, ɗaya kuma a kan tebur da cokali mai yatsu. Labarinsu ne na ga ya kamata in kawo muku, musamman ku da ke aiko da kuɗi gida kowane wata.

Na farkon wani abokina ne ya ja ni. Ya ce akwai wani dattijo Babarbare mai lambu a bakin Ngadda, kudu da gari, ta wajen hanyar da ke zuwa Alau, wanda ke noma inabi. Na ce masa ya daina wasa. Inabi dai yawancinmu a karatun allo muka fara jin sunansa, sai kuma wanda ake kawowa cikin 'yar roba daga ƙasashen waje, a sayar da shi kamar zinariya lokacin azumi. Ya ce in zo in gani da idona.

Muka fita da hantsi a keke mai ƙafa uku. Wanda ya bar garin nan kafin 2009 ba zai gane fita bayan gari ta yanzu ba. A zamanin da muke samari, ran Sallah mukan yi ayari a kan babura mu tafi Alau, mu sayi ɗanyen kifi a hannun masunta, mu yini a bakin ruwa ba mai ce mana kanzil. Ranar da muka fita kuwa sai da muka tsaya a shingen sojoji, muka tsaya a na 'yan gora, aka tambaye mu inda za mu, aka kuma tuna mana cewa kada la'asar sakaliya ta same mu a can. Ba wanda ya yi gardama. Kowa na tune da manoman shinkafar Zabarmari fiye da 40 da aka yi wa yankan rago a gonakin Koshebe ran 28 ga Nuwamba, 2020.

Lambun bai fi eka biyu ba. Akwai latas, da karas, da albasa, da tumatir, da yakuwa, da 'yan itatuwan mangwaro da gwaiba ta gefen ruwa. Can a tudu kuwa sai ga rumfa doguwa ta itace da waya, ganye ya lulluɓe ta, inabi na reto nono-nono, wasu kore wasu sun fara ja. Na tsaya baki buɗe. Dattijon ya taso yana yi mana wushe-wushe, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar.

Na ce, "Baba, a ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Ɗana, daga ƙasar Zazzau. Wani direba da ke kai mana albasa ya kawo mini rassa daga Hunkuyi, na dasa. Rabi gara ta cinye, rabi Allah ya raya."

Hunkuyi dai ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kudan a Jihar Kaduna, kuma nan ne aka fi sani da noman inabi a Arewa. A ƙasashen Turai, irin su Faransa da Italiya, galibin gonakin inabi don giya ake yin su, har a gina gidan cin abinci a tsakiyar gonar, baƙi su zo su ci su sha. Namu na ci ne kawai, a tsinka a wanke a kai baki. Amma aikinsa ba na rago ba ne. Baba ya bayyana mini cewa a can ƙasashen sanyi itacen yakan zubar da ganye ya yi barci da kansa, a nan kuwa tun da ba irin wannan sanyi, sai mai lambu ya yi masa aski, watau ya datse rassan ya tsige ganyen, sa'an nan ya yi sabon toho ya fid da fure. Daga aski zuwa nuna wajen wata huɗu ne. In ka yi askin a makare, damina ta riski 'ya'yan, sai su ruɓe a kan rumfa. In sun fara zaƙi kuma, tsuntsaye da rana, jemagu da dare. Jikansa na zaune a gindin rumfar da gwangwani da 'yan duwatsu a ciki, aikinsa ke nan tun safe.

Da azahar aka sauke abinci. Ba sana'arsa ba ce sayar da abinci, amma duk wanda ya zo sayen kayan lambu da yawa, ko baƙo irinmu, yakan ba da wani abu a dafa masa. Surukarsa ta turara burabisko, ta yi miyar yakuwa, wadda Barebari ke kira karasu, da man shanu a kai. Aka gasa karfasa huɗu a kan garwashi, ba a sa musu komai ba sai gishiri da barkono da lemon tsami. Aka yanka latas da tumatir da albasa da aka ciro a gabanmu, aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Muka wanke hannu mu biyar muka kewaye tire guda. Jama'a, na ci abinci a wurare da dama cikin wannan aiki namu na yawo, amma kifin da bai kwana ba, da tumatirin da bai hau mota ba, wani abu ne dabam. Ku masu sauke kwanduna a Mile 12 kun fi kowa sanin yadda tumatir ke isa Ikko bayan kwana uku a bayan tirela. Aka biyo da ruwan tsamiya mai sanyin randa, sa'an nan shayi, sa'an nan Baba ya miƙa hannu sama ya yanko mana inabi nono biyu. Yana da 'ya'ya a ciki, fatarsa da ɗan kauri, zaƙinsa da 'yar tsami-tsami. Bai kai na cikin roba kyan gani ba, amma ni ya fi mini daɗi.

Muna cikin shan shayi ne ya nuna mini wani zane a jikin mangwaro, sama da kaina. Nan ruwa ya kai. Madatsar Alau, wadda aka gama ginawa a 1986, ta ɓalle ran 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shiga gari har Fadar Shehu, da Kasuwar Monday, da Asibitin Koyarwa, da gidan namun daji. Irin wannan ta taɓa faruwa a 1994, amma ta bayan ta fi muni nesa ba kusa ba. Mutanen birni an ga hotunansu a talabijin. Masu lambun bakin kogi kuwa su ruwan ya fara bi ta kansu. Baba ya rasa injin ban-ruwa, da taki buhu shida, da duk abin da ke ƙasa. Inabin ya tsira ne don yana kan tudu. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina madatsar, amma Baba bai zauna jira ba, ya sa aka haƙa masa 'yar rijiyar burtsatse.

Na ce, "Da wane kuɗi, Baba?"

Ya ce ɗansa na biyu yana Ikko. Da acaba yake yi, da aka hana babura a manyan unguwanni a 2022 sai ya koma dako a kasuwa. Shi ya yi wata bakwai yana tarawa ya aiko aka sayi sabon inji. "Ya ce in bar lambun in koma cikin gari in huta. Na ce masa in na bari, kai me za ka tarar in ka komo?"

Kafin mu tashi na ga jikan nan ya kwashi ganyen inabin da aka rage don rana ta sami 'ya'yan, ya watsa wa awaki. Ban kula ba a lokacin.

Kwana uku bayan haka sai ga ni a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar G.R.A. Tun wajen 2016, da ƙungiyoyin ba da agaji suka cika garin nan da ma'aikatansu, baƙaƙe da farare, kuɗin haya ya tashi, irin waɗannan wurare kuma suka yi ta ɓullowa, masu shawarma da kaza da dankali. Abin da ya raba wannan da sauran shi ne kukunsu, wani tsoho mutumin ƙasar Biu, wanda ya yi shekaru yana dafa wa wani Bagirke abinci a Apapa. Ran Asabar yakan yi girkin Girkawa. Sunan ma ya dace, sai ka ce don girki aka raɗa musu.

Kada mai karatu ya ce ina mu ina Girkawa. Mun daɗe tare, sai dai mutanenmu ba su cika rarrabe su da Kwarori ba, duk farin da ya zauna a bayan kanta yana awon gyaɗa ɗaya ne a wurinsu. A. G. Leventis, mai kantuna da motoci da kamfanin da ke ɗura Coca-Cola, Bagirke ne daga tsibirin Kubrus, kuma mutanen Sabo ta Badun ba su manta da ƙungiyar ƙwallon Leventis United ta shekarun 1980 ba. Harafin Z da ke cikin PZ na sabulu, Zochonis ne, shi ma Bagirke. Haka Mandilas da kuke shiga kasuwarsa a tsibirin Ikko, haka Mandrides mai matsar man gyaɗa a Kano. Mun sayi kayansu shekara da shekaru, abincinsu ne dai ba mu taɓa ɗanɗanawa ba.

Aka zaunar da mu cikin sanyin na'ura, janareta na ruri a baya. Aka fara kawo salak: tumatir, kokwamba, albasa, da 'ya'yan zaitun baƙaƙe, da wani farin cuku mai gishiri, an kwarara man zaitun. Ni a sanina man zaitun magani ne, a kantin magungunan Musulunci ake sayensa a shafa wa mai ciwo, yau ga shi a kwano kamar man gyaɗa. Sai naman rago a tsinke, wanda suke kira suflaki. Wannan kam tsire ne ba ƙuli, kuma in gaskiya za a bi, kowane mai tukuba a Obalende zai ba shi ratar mil guda. Abin da ya cece shi shi ne wani kindirmo da aka haɗa da kokwamba da tafarnuwa ana dangwalawa. Musaka kuwa, watau baƙin yalo irin na Turawa da niƙaƙƙen nama da aka jera hawa-hawa aka gasa a tanderu, ba ni da abin cewa a kanta sai yabo. Na cinye tas, har na kalli ta abokina.

Daga nan aka kawo wasu 'yan ƙulle-ƙulle kore guda shida, kowanne kamar ɗan yatsa, shinkafa da ganyen ƙamshi a ciki, an matsa lemon tsami. Na tambayi yaron da ke kawo abinci ko wane ganye ne wannan. Bai sani ba, sai ya kira tsohon. Ya fito yana share hannu, ya ce dolma ke nan, Girkawa da Turkawa da Larabawan Sham duk suna yin ta, kuma ganyen inabi ne. Ya koma ya ɗauko mini kwalbar in gani. Ganye ne a naɗe cikin ruwan gishiri, da rubutun wata ƙasa a jiki. Ta jirgin ruwa ya zo Ikko, sa'an nan ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a mota kafin ya iso Yerwa.

Na ce, "Baba kuku, tumatir da kokwamban fa?"

Ya ce, "Na bakin kogi ne, Malam. Kullum da asuba ake kawowa Gamboru."

Da aka kawo takardar kuɗi sai da na karanta ta sau biyu. Abin da muka biya mu biyu ya ninka abin da muka ba Baba mai lambu mu biyar, har da inabin da muka yo tsaraba, fiye da sau huɗu. Ban ce an cuce ni ba. Mai wurin yana sayen man janareta, yana biyan haya irin ta G.R.A., yana biyan ma'aikata. Amma fiye da rabin abin da ke kan teburin nan daga hannun irin su Baba ya fito, mutanen da ke wuce shinge biyu kowace safiya ba su da tabbacin komowa, kuma su ne ke karɓar mafi ƙanƙantar rabo. Dillali a kasuwa shi ke yanka musu farashi, don ya san latas ba ya kwana, mai shi kuma dole ya kama hanya kafin la'asar. Su ba su san inda kayansu ke ƙarewa ba, masu ci kuma ba su taɓa tambaya ba. Ku da 'yan'uwanku ke wannan sana'a, in kun yi waya gida, bayan kun tambayi lafiyar inji, ku tambaya wa ke saye, nawa kuma yake saye. Gidajen abinci da otal-otal na garin nan ba su fi tafiyar rabin sa'a daga lambunan ba.

Na gaya wa tsohon kuku cewa akwai inda awaki ke cin wannan ganye nasa kyauta. Ya ɗauka ba'a nake yi. Da ya ga da gaske ne sai ya ce in dai sabon toho ne mai laushi, faɗin tafin hannu, wanda ba a yi wa feshin magani ba, ya fi na kwalba sau goma, kuma zai saya kowane mako.

Na aika wa Baba saƙo ta wurin mai keken da ya kai mu. Ran Jumma'a sai ga ƙunshi ya iso a cikin jiƙaƙƙen buhu, ganye a jere ɗaya bisa ɗaya kamar sababbin takardun Naira. Mai keken ya ce Baba ya ƙi faɗin kuɗi, wai shi tun da yake bai taɓa jin an sayar da abincin akuya ba, kukun ya ba da abin da ya ga dama. Ya kuma ce a tambaya masa, in an dafa, ko za a aiko masa da guda biyu ya ga abin da Turawan ke ci.