Naƙuda ce ko ba ita ba ce? Na'urar da ke sauraren lantarkin mahaifa

Garin In Amguel yana kan babbar hanyar da ta ratsa Sahara, sama da kilomita 100 arewa da Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Mace mai ciki a irin wannan wuri, da zarar mararta ta fara murɗawa, sai tambaya ta taso a gida: a nemi mota a tafi babban asibiti, ko a jira? In an tafi ba naƙuda ba ce, an yi asarar kuɗin mai, an wahalar da mai ciki. In kuma an jira alhali ita ce, ana iya haihuwa a hanya. Wannan tambayar ce ta sa na bibiyi wata fasaha da likitoci ke kira EHG, wato awon lantarkin mahaifa.

Mahaifa tsoka ce, kuma kamar zuciya, ba ta matsewa sai wani ɗan lantarki ya ratsa ta. A EHG ana manna ƙananan faifai a fatar ciki, irin waɗanda ake manna wa ƙirji wajen awon zuciya, su ɗauko lantarkin su aika wa na'ura. Ba a sa wa mace wuta a jiki, saurare kawai ake yi.

Dalilin da ya sa masana suka ɗora rai a kanta shi ne, murɗawar da ba ta naƙuda ba, wadda likitan Ingila John Braxton Hicks ya bayyana a 1872, takan zo jefi-jefi ta lafa. Amma in haihuwa ta kusa, ƙwayoyin tsokar sukan ƙara haɗuwa da juna, lantarkin ya riƙa bazuwa, mahaifa ta matsa gaba ɗaya. Fatan shi ne na'ura ta hango wannan canjin tun kafin bakin mahaifa ya buɗe.

Bel ɗin da aka saba ɗaura wa mata a ɗakin haihuwa taurin ciki kawai yake ji. Yakan zame in mace ta juya, kuma bai cika aiki sosai ga mai ƙiba ba. Siririn bututun da ake sakawa cikin mahaifa ya fi shi daidai, sai dai ba a saka shi sai faya ta fashe.

An riga an kai wani matsayi. A birnin Ljubljana na Sulobeniya an tara awon mata 300, 38 daga cikinsu sun haifi bakwaini, kuma masu bincike na duniya suna gwaji da wannan kundin. Kamfanin Monica Healthcare, wanda ya fito daga Jami'ar Nottingham, ya ƙera na'urar mannawa marar waya, GE ta saye shi a 2017. Sai dai aikinta lura da mai naƙuda ne a asibiti. Hasashen haihuwar bakwaini da EHG har yanzu yana matakin bincike.

A ganina, a nan ne mutanen nesa da asibiti suka fi kowa buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin mako 37 a 2020. Akwai allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya nuna, ana yi wa uwa tsakanin mako 24 da 34, kuma tana son lokaci kafin ta yi aiki. Gargaɗin kwana ɗaya ko biyu zai ba ungozomar ƙauye damar yin allurar, ta tura mai cikin inda ake da kwalbar jarirai.

Amma fa ko na'urar ta iso, ba ita za ta tuƙa mota ba. Saboda haka, 'yar'uwa, ki riƙe zuwa awo. In ciki bai kai wata tara ba kika ji murɗawa tana dawowa a kai a kai, ko kika ga jini, ko ruwa ya zubo, ko motsin jariri ya ragu, kada ki jira gari ya waye. Kai kuma maigida, tun ciki yana wata bakwai ka san motar da za ta ɗauke ta, ka ajiye lambar direba da kuɗin mai.