Lambunan Havana: Yadda Birni Ya Koma Noma

Har zuwa 1989, noman ƙasar Kyuba yana cikin waɗanda suka fi dogara da inji da sinadari a duk Latin Amurka. Manyan gonakin gwamnati ne suka mamaye mafi yawan ƙasar noma, kuma rake aka fi shukawa. Kyuba tana kai sukari Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta a farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, su kuma su aiko mata da man fetur, takin zamani, maganin ƙwari, taraktoci, alkama da abincin dabbobi. Kusan kashi 85 cikin ɗari na cinikinta na waje da waɗannan ƙasashe take yi. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, jiragen ruwan da ke kawo waɗannan kayayyaki suka yi ƙaranci. Takin zamanin da ake shigowa da shi ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari, man fetur ya ragu da rabi, Amurka kuma ta ƙara tsananta takunkuminta a 1992 da 1996.

Illar ta fi bayyana a birni. Ko an yi noman a karkara, babu man da za a zuba wa babbar mota ta kawo amfanin, babu wutar da za ta riƙe ɗakin sanyi. Havana mai mutum sama da miliyan biyu ta wayi gari da yunwa. Mutane suka rame. Tsakanin 1991 da 1993 fiye da mutum 50,000 suka kamu da wata cutar jijiya mai dusashe gani, wadda likitoci suka danganta da ƙarancin abinci mai gina jiki. A karkara aka ajiye taraktoci aka koma ga shanun huɗa.

Ba gwamnati ce ta fara noman cikin gari ba. Talakawa ne suka soma shuka a bayan gida, a kan rufin bene, a kangon fili da tsohuwar bola, mafi yawansu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Abin da gwamnati ta yi, kuma a nan ta cancanci yabo, shi ne ba ta kore su ba. A 1994 aka buɗe sashen kula da noman birni a Havana. Aka riƙa ba mutane da ƙungiyoyin gama-kai filayen da ke zaune banza su noma ba tare da biyan haya ba, muddin suna aiki a kai. A shekarar ce kuma aka sake buɗe kasuwannin manoma inda mai kaya zai sayar a farashin da suka daidaita da mai saye. Kafin nan, a 1993, an riga an karkasa yawancin manyan gonakin gwamnati an miƙa wa ma'aikatansu.

Matsalar farko ita ce ƙasar kanta. Filin cikin gari yawanci ɓaraguzan gini ne da tsakuwa, ya daskare, wani ma da guba a ciki. Maimakon su yi fama da ita, sai suka ɗora sabuwar ƙasa a kanta. Ana gina dogayen fangaloli masu gajeren bango na bulo, dutse ko tsohon kwano, faɗinsu daidai yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, don kada a taka shuka. A cika su da ƙasa gauraye da kashin shanu, ruɓaɓɓen ganye da dusar da ke fita daga masana'antar sukari. Irin wannan lambu suke kira organoponiko. Ruwa kuwa ta siraran bututu ake ba shi, yana ɗiga a gindin shuka. Da yake ƙasar ba ta hutawa, ana cire latas yau a dasa wani abu gobe, sai an riƙa ciyar da ita kullum. A nan tana ta shigo. Ana kiwonta a cikin kwatami a inuwa, a zuba mata kashin dabbobi da ɓawon kayan miya, cikin 'yan watanni ta mayar da su baƙin taki mai laushi wanda saiwa ke sha nan take.

Sai maganar ƙwari, wadda ita ce ta fi ban sha'awa. An hana fesa maganin sinadari a lambunan cikin gari, domin mutane na kwana a gefensu. Sa'ar da Kyuba ta yi ita ce tun shekarun 1980 masananta sun fara binciken yadda za a haɗa ƙwaro da abokin gabarsa. Da wahala ta zo, aka faɗaɗa aikin zuwa ƙananan cibiyoyi fiye da 200 a faɗin ƙasar, inda ake hayayyafar halittu masu kashe maɓarnata. Akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, Trichogramma, wanda ke saka ƙwansa a cikin ƙwan ƙwaron da ke haifar da tsutsar ganye, ya cinye shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Akwai ƙwayar cutar Bacillus thuringiensis da ake fesawa ta kashe tsutsa, ba ta taɓa mutum. Manoman dankali suna ɗauko gidan wata irin tururuwa a cikin guntun kututturen ayaba su ajiye a gona, ta bi ƙwaron da ke huda dankalin ta cinye. A bakin fangali ana shuka masara da furanni masu ƙarfin ƙamshi don su ja ƙwarin ko su ruɗe su, ana kuma jiƙa ganye da 'ya'yan darbejiya a yi feshi. Duk wannan yana buƙatar ido da sani fiye da yadda feshin gwangwani ke buƙata. Shi ya sa aka buɗe shagunan iri a unguwanni, kowanne da malamin gona da za a kai wa ganyen da ya lalace ya duba.

Lambun da ya fi suna shi ne na Alamar, wata unguwar dogayen benaye a gabashin Havana. Mutum kaɗan suka fara shi a 1997 a wani ɗan fili, ya bunƙasa ya haura hekta goma, yana ɗaukar ma'aikata sama da ɗari waɗanda ke raba riba a tsakaninsu. A bakin ƙofarsa ake sayar da latas, tumatir, kabeji, karas da ganyen ƙamshi da aka tsinko da safe, wani kaso kuma ya tafi makarantu da asibitoci. A 1999 ƙungiyar masanan Kyuba da ta jagoranci noma ba sinadari ta sami lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin.

Masu ba da wannan labari sukan wuce gona da iri, su ce Kyuba ta ciyar da kanta daga lambu. Ba haka ba ne. Fangali yana ba da kayan miya da ganye, ba ya ba da shinkafa, alkama, mai ko madara, kuma waɗannan ne ke cika ciki. Har yanzu fiye da rabin abincin ƙasar daga waje yake zuwa: shinkafa daga Biyetnam, kaji daga Amurka. Da man Benezuwela ya fara shigowa bayan 2000, wasu manyan gonaki sun koma ga takin zamani da feshi. A 2024 ma an bayyana cewa sai da gwamnati ta nemi Hukumar Abinci ta Duniya ta taimaka da madarar yara. Abin da lambunan suka yi na gaske shi ne sun sa ɗanyen ganye a kwanon talakan birni, sun samar da aiki, sun rage dogaro da mota da ɗakin sanyi, sun mayar da juji gona.

Mutumin Kano ba zai ga wannan baƙon abu ba. Tun kaka da kakanni jakuna ke kwashe takin shara daga cikin birni zuwa gonakin kewaye, kuma masu lambu suna noman latas, alayyahu da karas a gefen Jakara da Getsi. Bambancin yana wuri biyu. Ruwan da suke ban-ruwa da shi yana ɗauke da dagwalon gari da na masana'antun Bompai, har da sinadarin majema, kuma ganyen da ake ci ɗanye yana iya kwasar abin da ke ciki. Na biyu, yawancinsu aro ko haya suke noma, ranar da mai fili ya kawo bulo aikin ya ƙare. A Havana an sa lambun a cikin tsarin gari, an ba shi takarda, an duba ruwansa, an tura masa malamin gona, don haka wanda ya kwashe shekaru yana gina ƙasar fangalinsa ya san shi zai ci moriyarta.