Yadda Na Ceto Fijon Mahaifina Daga Hannun 'Yan Gwangwan

Shekara goma sha ɗaya motar mahaifina ta yi a ajiye a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, a ƙofar gidanmu da ke Wudil. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya, yaran unguwa kuma sun mayar da ita wurin wasan ɓuya. Da Allah ya yi wa mahaifin namu rasuwa aka zo rabon gado, sai masu ƙiyasi suka yi mata kuɗin ƙarfe, domin tuni wani ɗan gwangwan ya taya, da niyyar ya daddatsa ta ya ɗora a sikeli. Na roƙi 'yan uwana a saka ta cikin kasona. Babban yayanmu ya dube ni ya ce, "Dakta, boko ne ya kai ka ga sayen wahala da kuɗinka?" Ban ba shi amsa ba a ranar. Wannan rubutu shi ne amsar.

Motar ƙirar Peugeot 504 ce, wadda mu Hausawa muka fi sani da Fijo. Mahaifina, malamin makaranta, ya saye ta sabuwa dal a farkon shekarun 1980 da bashin mota na ma'aikata, kuma a cikinta aka ɗauko ni daga asibiti ina jariri. Matasan yau na yi mata kallon tsohuwar motar haya mai lodin kaya har saman rufi. Amma tarihinta ya wuce haka. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi cikin taɓo da ƙura da duwatsun Kenya, da direba Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. A 1978 samfurinta mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida ya sake lashe wannan tsere. Ashe abin da muke yi wa lodin buhunan gero jinin 'yan tsere ne.

A wannan shekara ta 1975 ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot. Zamani ne da Nijeriya ke da Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Inugu, da kamfanin manyan motoci na NTM a nan Kano. Fijo 504 ta zama motar gwamnati, motar sarakuna, motar ɗan kasuwa da direban tasha, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da daina ƙera ta. Dalilin farin jininta a bayyane yake: cikinta ya yi nesa da ƙasa, ƙafafunta na shanye gargada, injinta kuma ba ya ɓoye wa bakanike komai.

Albashin malamin jami'a ba ya ɗaukar almubazzaranci, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Don haka na gindaya wa kaina sharuɗɗa uku: ba zan ci bashi ba, ba zan taɓa kuɗin cefane da na makarantar yara ba, kuma ba zan sayi sabon abu ba matuƙar tsohon zai gyaru. Na shiga adashe da abokan aiki, duk lokacin da kwasa ta zo kaina sai a yi mataki guda na aikin. Shekara biyu muka ɗauka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Babban abin da na dace da shi shi ne wani dattijon bakanike da ke da gareji kusa da gadar Wudil, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Fijo. Ranar da ya zo duba motar, na fara yi masa maganar launin fenti. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba a yi wa mara lafiya kwalliya. Bari mu ga ƙashinta tukuna." Ya kwanta a ƙarƙashinta da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa shasi, yana sauraron amo. Inda ƙarfe ke da rai sai ya yi ƙara, inda tsatsa ta cinye sai ya yi shiru. Busasshiyar iskar ƙasarmu ta yi mana rana: ban da daɓen ƙasan direba da gindin but, inda ruwan damina ya riƙa taruwa, sauran jikin lafiya lau. Wannan shi ne darasi na farko ga duk mai irin wannan niyya. Inji ana iya sake shi, amma idan shasi ya ruɓe, a haƙura.

Injin mai silinda huɗu ne, ɗan ƙasa kaɗan da lita biyu. Baba bai yarda a tayar da shi nan take ba. Ya kwance fulogai, ya zuba ɗan mai a kowane rami, aka bar shi mako guda yana jiƙa, sannan ya juya shi da sifana a hankali. Da ya juyu, sai muka san fistin bai kafe ba. Aka sauke tanki aka wanke tsohon fetur da ya zama kamar ƙaro, aka wargaza kafireta aka tsabtace, aka sake ringi da gaskit, aka kai lagireto wurin masu wanki. Kafin duk wannan, sai da ya sa aka gama da birki da sitiyari da shokozoba, aka sake duk wata roba da shekaru suka busar. Hujjarsa ita ce, motar da ba ta tashi ba ba ta kashe kowa, wadda ba ta tsayawa ita ce abin tsoro.

Kayan gyara kuwa, Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna sun san ƙafata. Na koyi cewa tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga matacciyar Fijo ya fi sabon jabu mai sheƙi a kwali. Da kuɗina na sayi wannan ilimi, domin na taɓa karɓar famfon ruwa mai araha a wani shago, bai yi wata biyu ba ya fara yoyo. Araha ba ta ado.

Sauye-sauye uku kawai na yi mata. Na farko, mun cire giya mai hawa huɗu muka saka mai hawa biyar daga ƙanwarta 505, wadda injinsu dangi ɗaya ne. A doguwar hanya injin ya rage kuka, shan mai ma ya ragu. Na biyu, mun maye gurbin tsohon kwantak, wanda kullum sai an goge an daidaita, da na'urar ba da wuta ta zamani. Na uku, mun ƙara fanka mai aiki da lantarki a gaban lagireto saboda zafin bazara da cunkoson ranar Juma'a, lokacin da kasuwar shanu ta Wudil ke cika. Duk abin da muka cire na adana shi a buhu, domin wanda zai gaje ta ya iya mayar da ita yadda Kaduna ta fitar da ita. Sai a ƙarshe mai walda ya toshe daɓe, fanel-bita ya daidaita jiki, mai fenti ya mayar mata da farin launinta na asali. Na sabunta takardu da inshora. Jimillar abin da na kashe bai kai kuɗin ƙaramar motar Beljiyam mai rangwamen lafiya ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya wuce mota. Wata Asabar na gayyaci wasu ɗalibaina na fannin injiniya zuwa garejin. Yara ne masu ƙoƙari, suna iya zana yadda inji ke shaƙar iska da mai, ya matsa, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Sai dai da yawansu ranar ce suka fara riƙe fistin a hannu. Baba, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya saurari injin na ɗan lokaci ya ce bawul na silinda ta uku ya saki. Aka buɗe, aka auna, haka ne. Na tsaya da digirina uku ina kallon ilimin da babu shi a kowane littafi da na karanta, kuma babu wanda ke rubuta shi. Yaran garejinsa ma sun fi son koyon motocin zamani, inda ake jona kwamfuta ta faɗi cuta, a cire abu a jefar a saka sabo. Ranar da irin su Baba suka kwanta dama, kunnen nan ya tafi ke nan.

Garin Wudil na da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ga kuma gareji a kowane lungu a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tsakanin ajin da garejin tafiyar mintoci ce, amma kamar akwai kogi ba gada. Shawarata ga jami'o'inmu da kwalejojin fasaha ita ce su sayi irin waɗannan tsofaffin motoci kafin sikeli ya cinye su, su ba ɗalibai aikin farfaɗo da su a matsayin aikin kammala karatu, su kuma ɗauki dattawan kanikawa a matsayin masu koyarwa, da alawus da mutuntawa. Ƙasar da ke mafarkin ƙera mota, dole ta fara da girmama masu gyara ta.

Ranar da aka gama aikin, na ɗauki mahaifiyata muka haye gada muka nufi Kano. Ba ta ce komai ba sai da muka wuce Garin Dau, sannan ta shafa kujerar ta ce, "Ƙarar ma irin ta da ce." Ta yi wa marigayi addu'a, na ce amin. Yayana kuwa, a bikin 'yarsa da ya gabata, shi da kansa ya aiko a tambaye ni ko Fijo za ta samu ɗaukar amarya.